Ranar da Maina Ya Kai Jatau Kara

Maina bai taɓa ganin sana'ar da aka koya ba tare da maigida ba, kuma ko an rantse masa akwai ta, ba zai yarda ba. Shi da ya tashi, wajen wani tsoho mai suna Hambali aka kai shi, can bayan Bande, ya yi shekaru yana kwasar kashin shanu yana shan tsawa kafin a bar shi ya riƙe igiya. Ranar da tsohon ya yaye shi, da hannunsa ya miƙa masa karkiya, sannan ya ja shi kasuwa wajen masu buhunan gero da wake yana cewa ga yarona nan, ku riƙa ba shi dako. Tun daga ranar amalanke ke ci da shi. Shanu sun zo sun wuce. Na yanzu su ne Jatau da Duna, ja da baƙi, waɗanda suka daɗe ƙarƙashin karkiya ɗaya har in ɗaya ya tsaya fitsari ɗayan ma sai ya ja birki. Da rani dako zuwa Magarya, da damina huɗa, gonarsa da gonakin mutane. Abin da gidan ke ci ke nan, babu na biyu.

To sai ga 'yarsa ta fari, Ummul Khairi, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya kiran ta sai Uwata. Ta yi lise, wato sakandare, a Magarya, ta ci jarrabawar bak, ta dawo gida tana jiran gurbin karatun da bai zo ba. Wani kawunta da ke aiki a Yamai ya aiko mata tsohuwar ordinate, wato kwamfuta, mai tsagaggen gefe, batirinta ba ya daɗewa. Kullum sai ta kai ta rumfar mai panno na hasken rana ta biya dala ashirin a sa mata wuta, ta hau tudun bakin hanya inda rezo na salula ke kamawa ta sauko da darussa, ta dawo gindin dogon yaro ta yi ta buge-buge. Ta ce tana koyon yadda ake rubuta abubuwan nan na cikin salula, waɗanda ake taɓawa su buɗe, aplikasiyo. Ta ce mutum yana iya zama a ƙauye ya yi wa na Yamai aiki a biya shi.

Maina bai musa ba. Ya ga abubuwa da dama da a da yake cewa ba za su yiwu ba. Abu ɗaya ya tambaye ta, wane ne malaminta. Ta ce suna da yawa, wani a Dakar yake, wani a Abijan, wani ma ba ta san ƙasarsa ba, duk a cikin bidiyo. Ya ce sun san sunanta? Ta ce a'a. Ya ce in ta yi kuskure, wanne ne cikinsu ke yi mata faɗa? Ta yi dariya ta ce babu.

"To waɗannan ba malamai ba ne, Uwata. Rediyo ne."

Ya dai ƙyale ta, don yana gani tana gaba. Sai da aka shiga bazara abin ya cije. Ta haɗa wani abu don matan ƙauye masu kiwon awaki, ta ɗauki muryar uwarta Hinda tana bayanin alamun ciwon akuya da abin da ake fara yi kafin a kai ga mai allurar dabbobi. A cikin ordinate yana buɗewa lafiya lau. In ta sa shi a salula sai fari fat, kamar bangon da aka shafa wa farar ƙasa. Ta rushe ta sake. Ta kuma sakewa. Ta aika tambaya ga mutanen da ba ta sani ba, ɗaya ya amsa da Ingilishin da ba ta ji sosai, sauran ko waiwaye. Wata ya mutu, wani ya kama, abin na nan fari. Ta daina zama hirar tsakar gida, tuwo sai ta tsakura ta ture. Wata la'asar Maina ya dawo daga dako ya tarar ta kifa kai a kan na'urar, ba barci take ba, ba kuka ba, ta dai kifa. Ya wuce da shanunsa rijiya. Kafin su gama sha ya gama shawara.

Dama ya sha jin rediyo na tallar wata makarantar kuɗi a Damagaram, wata shida, ana koya wa yara wannan aikin safe da yamma, a ƙarshe a ba su atestasiyo, takardar shaida. An ce wani malaminsu zai sauko Magarya ranar kasuwa ya ga masu so. Masauki ba abin damuwa ba ne, ƙanwarsa na aure a Damagaram ɗin. Kuɗin ne, da ya sa aka bincika masa, ya tarar ba na buhu ba ne, ba na tunkiya ba. Kuɗin sa ne, sa ma mai ƙiba.

Da ya faɗa a gida, Hinda ta ajiye taɓarya ta nuna masa gabas. Ta ce hadari ya fara taruwa, yau ko gobe a yi shuka, kuma ya fi kowa sanin Duna ba zai karɓi baƙon sa a wuyansa ba sai an yi wata da watanni, in ma akwai abin sayen baƙon. Ta ce akwai mutanen da ya yi wa alkawarin huɗa. Ya ce ya sani. Ta ce to da me za a ci. Ya ce da haiwar noma da hannu, kamar yadda aka ci kafin shanu.

Wadda ya yi don ita kuwa ta fi uwar zafi. Ummul Khairi ta ce duk abin da makarantar nan za ta koyar yana nan kyauta cikin salula, masu tallar sun tattara ne kawai sun sa masa farashi. Ta ce ita ba ta kasa ba, tsayawa ta yi, kuma za ta wuce. Ta ce in ya sayar da Jatau saboda ita, ba za ta iya haɗa ido da ƙannenta ba duk ranar da tuwo ya yi kaɗan, kuma wallahi ba za ta je ba. Maina ya saurare ta har ta gama. Ya ce ta shirya kayanta, ranar kasuwa tare za su tafi, kuma ta ɗauko na'urar don malamin ya ga hannunta.

Ranar suka fito da sassafe da lodin wake na wani mutum. Ita tana zaune bisa buhuna ta rungume jaka, shi yana gaba yana kallon ƙeyar Jatau, wanda ke tafiyarsa ta kullum, yana kaɗa kunne, bai san komai ba. Iska ba ta motsi. Zafin irin mai danshi ne, wanda ke sa riga ta manne.

Da suka sauke waken, ya kwance Jatau, ya ɗaure Duna jikin amalanke gindin wata tsamiya, ya ja jan zuwa kara, inda ake cinikin shanu. Dillalinsa Sirajo, gajere mai babbar murya, ya zagaya san ya daddaɓa ƙugunsa ya ce lallai yau Maina ko aure zai ƙara ko kotu ta kira shi. Maina ya ce bai zo raha ba. Ya ce ya nemi mai saye, ya ji tayi, amma kada ya kuskura ya sallama sai ya dawo da bakinsa. Sirajo ya ce ya ji, sai dai ya sani manyan masu saye na ƙetaren iyaka ne, kuma kamiyonsu, manyan motocin ɗaukar shanu, na tashi da la'asar. In suka tafi, sai mahauta, su kuwa kuɗin fata za su taya.

Maina ya biya ta rumfar masu goro ya sayi fari mai kyau, aka ƙunshe masa a ganye. Ba a kai wa mutum ɗa hannu rabbana. Ummul Khairi ta ce masa a hankali ba a yin haka a irin wannan wuri. Ya ce ita ta taɓa kai ɗa koyon sana'a?

A gidan samari aka ba malamin ɗaki. Benci uku, yara samari da 'yan mata sun cika su, wasu a tsaye jikin taga. A gaba wani siririn saurayi ne da matsattsen wando, gabansa ordinate da kofin shayi, yana magana rabi Hausa rabi Faransanci. Maina ya tsaya yana waige yana neman malamin. Sai da 'yarsa ta raɗa masa cewa shi ne wannan, Mushe Hanif, kamar yadda ake kiran malaman boko. Gabansa ya ɗan faɗi. Yaron bai fi ta da yawa ba.

Duk da haka ya jira aka tsagaita, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya matsa ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, da gajiya da gida da iyaye. Ya ajiye ƙunshin goron a kan tabur kusa da na'urar. Ya ce ga 'yarsa, sunan mahaifiyarsa ke gare ta, amana ya kawo. Daga benci wani ya ce ashe ɗaurin aure ake yau ba a gaya musu ba. Dariya ta tashi ta kwanta. Mushe Hanif bai yi ba. Ya miƙe ya ba Maina kujerarsa, ya ce Baba ya zauna, ya tambayi duk abin da yake so.

Maina ya zauna, ya dafa gwiwa. Ya ce shi bai yi lakwal, makarantar boko, ba sai ta kwana kaɗan, don haka ba zai tambayi abin da ke cikin na'ura ba. Tambayarsa ta mutanen da ce.

"Wa ya koya maka?"

Saurayin ya sosa ƙeya. Ya ce ya yi karatun wani abu dabam a jami'a, bai gama ba.

"Ba jami'a na tambaya ba. Wannan aikin. Wane ne maigidanka? A ina yake? Yana da rai?"

"Gaskiya, Baba, ba ni da shi. Ni na koya wa kaina. Da salula na fara, da bidiyo."

Maina ya juya ya kalli 'yarsa, ya dawo ya kalli saurayin. Ya ce wato irin bidiyon da yarinyar nan ke kallo gindin dogon yaro. Hanif ya ce su ne, wataƙila ma mutanen ɗaya ne. Maina ya ce kuma bai biya kowa ba. Hanif ya ce bai biya ba, sai kuɗin forfe, katin intanet na salula.

"To me kake sayarwa?"

Hanif bai ɓoye ba, wannan kam Maina ya ba shi. Ya ce shi abin ya ci masa shekaru, don duk inda ya maƙale ba wanda zai tambaya, wani lokaci abin da bai kai ya kawo ba sai ya riƙe shi wata guda. Ya ce da yawa da suka fara tare sun watsar a irin wannan wurin. Abin da makarantar ke bayarwa shi ne wuta da rezo da ba sa yankewa, da abokan yi, da mutum a tsaye a bayanka yana duba hannunka. Ya ce mai haƙuri yana iya kaiwa shi kaɗai, shi ne shaida. Sai dai hanyar doguwa ce.

Maina ya ce ya ji. Ya ce to in ta gama, wa zai kama hannunta ya kai ta wajen masu ba da aiki. Hanif ya ce suna ƙoƙarin nema wa yara staj, wato aikin gwaji, amma alkawarin aiki ba zai yi ba. Maina ya ce na bara fa, da suka gama. Saurayin ya dubi bencin da ke cike da masu saurare, ya ce waɗanda suka samu ba su kai rabi ba. Wasu suna ɗan kama aikin nan da can. Wasu sun koma gida.

Maina ya murza gemu. Sai ya kawo abin da shi ya sani. Ya ce to a yi yadda ake yi tun asali. A bar maganar kuɗi. Ya ɗauke ta a matsayin yarinyarsa, ta yi masa hidima, ta share wurin aiki, ta taya matarsa girki da wanki, shi kuma ya koya mata a hankali, ko shekara nawa ne. Duk kaka shi Maina zai aiko da gero da wake.

Wannan karon dariyar ba ta ɓoyu ba. Wata yarinya har da dafa ƙawarta. Ummul Khairi ta sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage. Hanif ya ce cikin ladabi shi ko mata ba shi da ita, ɗaki guda yake haya da abokinsa, kuma makarantar ba tasa ba ce, ɗaukar sa aka yi. Mai ita yana biro, ofishinsa, kuma ƙofar kilas ba ta buɗewa sai ga wanda ya biya.

Maina ya miƙe. Ya ce wato shi ba maigida ba ne, ba shi da maigida, ba ya ba da aiki, kuma ba shi da ikon ɗaukar yaro. Hanif ya ce haka ne. Maina ya ce Allah ya ba da sa'a. Ya sa takalminsa a bakin ƙofa, ya ce wa 'yarsa ta taso. Bai tsaya ganin ko ta taso ba.

Ya ratsa kasuwa kamar wanda aka aika ɗauko wuta. Ya bangaje mai tallan ruwa, wani ɗan kabu-kabu ya zage shi bai ko juya ba. Ladan ya riga ya kira la'asar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga ledoji tana wurgi da su, masu rumfa na ta danne tabarmi da duwatsu. Abin da ke ransa ɗaya ne, kada Sirajo ya ga kuɗi idonsa ya rufe. Da ya hango kara ya ga kamiyo biyu sun juya baya, an jingina katako, ana tura shanu sama da ihu da bulala. Ya ƙara sauri har numfashinsa na fita da ƙara.

Jatau na nan, a ɗaure a turke, yana tuƙa. Kusa da shi Sirajo ne da wani farin dattijo mai carbi, yaransa biyu riƙe da igiya a shirye. Sirajo ya tarye shi da faɗa, ya ce ina ya shiga, Alhaji ya yi tayi tun ɗazu, ya ƙara, ya sake ƙarawa, tayin da ko a mafarki Maina bai taɓa ji ba, kuma mota na jiran wannan san kaɗai. Ya raɗa masa adadin a kunne. Lallai tayi ne. Ya biya makarantar har ya bar ɗan abin riƙewa.

Maina ya sa hannu ya fara kwance igiyar daga turke. Ya ce an fasa.

Sirajo ya riƙe baki. Ya ce tun hantsi yake shan rana yana korar masu saye saboda wannan, yanzu a ce an fasa, shi wa zai biya shi wuninsa. Alhajin ya ce in kuɗi ne a faɗa, ya ƙara jikka biyar, daga nan ko dala ba zai ɗora ba. Mutane suka fara taruwa, don a kara ba abin da ke jan jama'a kamar ciniki ya zo ƙarshe ya karkace. Maina ya buɗe baki zai ce albarka, sai ya ga idon mutanen ya bar kansa ya koma bayansa.

Ummul Khairi ce, ta ratso tsakiyar kara da jakarta, tana tsallake kashin shanu, mayafinta na kaɗawa. Mace budurwa a wannan wuri ba abin da aka saba gani ba ne. Wani ya ce hajiya ta ɓata hanya, 'yan atamfa suna can yamma. Ba ta kula ba. Ta zo gaban ubanta tana haki, ta miƙa masa salula, ta taɓa.

Sai ga muryar Hinda, tar, a tsakiyar dillalai, tana cewa in kika ga akuya ta daina tuƙa, ta ware kanta daga 'yan uwanta, to ki duba hancinta.

Sirajo ya ce kai, wannan ai maganar gidan Maina ce. Maina ya ce ta kashe abin nan yanzu-yanzu. Ta kashe. Ya ja ta gefe, igiyar Jatau na hannunsa, san na biye da su.

Ta ce da ya fita ba ta bi shi ba. Ta buɗe na'urar ta nuna wa Mushe inda ta maƙale. Ya duba, ya tambaye ta abu biyu, ya nuna mata ta ajiye muryoyin ne a inda ordinate ke gani amma salula ba ta gani. Bai ma taɓa ba, ita ya sa ta gyara da hannunta. Ta ce shayinsa bai huce ba aka gama. Tana faɗa, Maina ya ga abin da ke fuskarta ba murna ba ce. Haushi ne.

"Wata biyu, Baba. Abin da ya hana ni cin abinci."

"To ai ga shi an gyara. Kyauta ma. Mu je gida."

"Na gaba fa? Wa zan tambaya?" Ta share fuska da gefen mayafi. "Ina so in je."

Ya kalle ta kamar bai taɓa ganin ta ba. Ya ce ba ita ce ta rantse a tsakar gida ba za ta je ba? Ta ce ita ce, za ta yi kaffara. Ya ce ba ita ce ta ce komai na nan kyauta ba? Ta ce yana nan, har yanzu ba ta janye ba. Ya ce da kunnenta ta ji yaron nan ya ce ba shi da maigida, ba ya ba da aiki. Rabin maigida ne, ana sayar da shi kuɗin sa guda. Ta ce ta ji. Ta ce rabin nan shi ne ba ta da shi.

Direban kamiyo ya danna oda. Alhajin ya duba sama, ya duba agogo, ya ce wa Sirajo shi fa zai wuce. Ɗigon farko ya faɗo a kan bayan Jatau, fatar ta yi rawa.

"In kin gama ba aiki fa?"

"Ban sani ba, Baba."

"In na ƙi?"

"In koma gindin dogon yaro in ci gaba. Ba zan bari ba. Sai dai zai daɗe, kuma ban san ko zan kai ba."

Ya so ta yi kuka ta roƙe shi, da ya samu abin yi wa tsawa. Ya so ta yi masa alkawarin za ta sayo masa shanu huɗu, da ya ce ƙarya take ya ja sansa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ma ƙara da cewa ta san bana ba huɗa, ta san su Inna da ƙannenta ne za su sha haiwa, kuma in ya ce a'a ba za ta riƙe shi a zuci ba. Ta tsaya kawai, jaka a ƙirji, ruwa na ɗiga mata a goshi.

Maina ya dubi Jatau. Ya san abin da ke hannunsa, ya san nawa yake ja, ya san nawa yake kawowa a damina. Abin da ke can Damagaram bai san shi ba, wanda ke sayar da shi ma ya ce bai tabbata ba. Duk lissafin da ya iya, gida yake nuna masa. Amma ya ga yarinyar nan ta kifa kai a kan na'ura, ya kuma gan ta yanzu ta keto kara ba ta ko ji kunyar maza ba. Ya tsaya har Alhajin ya juya ya fara tafiya.

"Sirajo."

Dillalin ya matso.

"Na sallama."

Sirajo ya ɗaga murya ya kira Alhajin, ya kama hannayensu ya haɗa, aka yi addu'ar albarka a gurguje. Yaran suka karɓi igiyar. Jatau ya bi su ba gardama har bakin katako, a nan ya turje, sai da aka murɗe masa wutsiya. Maina bai kalla ba. Ya juya baya yana karɓar kuɗin, ya cire la'adar Sirajo ya ba shi, ya tura sauran can cikin aljihun 'yar shara ya danne da hannu.

Ummul Khairi ta fara cewa Baba, na gode. Ya ce kada ta gode masa, shi bai yarda da abin nan ba, kuma ko gobe aka tambaye shi zai ce bai yarda ba. Ya ce ta koma ta gaya wa Mushe a sa sunanta, sannan ta hau mota ta riga shi gida ta ce wa uwarta a fito da iri.

Ta tafi. Ruwan ya sauko da ƙarfi, kasuwa ta watse, kowa na gudun neman rumfa. Maina ya taka zuwa gindin tsamiya. Duna na tsaye jikin amalanke ya miƙa wuya wajen kara yana kuka, irin kukan da ke fitowa daga ciki. Amalanken na shanu biyu ne, sa ɗaya ba ya jan sa. Ya roƙi wani mai garka, wato lambu, da ke kusa ya bar shi a bayan katangarsa zuwa wani lokaci, suka tura shi tare, ya ɗaure karkiyar a kai da igiya.

Ya ja Duna suka kama hanya a ƙasa. San ya yi taku kaɗan ya tsaya ya waiwaya, Maina ya ja, ya sake tsayawa. Bai buge shi ba. A haka suka fita gari, ruwa na dukan su, ƙasa na tashi da ƙamshi. Gobe kowa zai fita shuka, kuma kafin ya shiga gidansa sai ya bi mutanen da ya yi wa alkawarin huɗa ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu su nemi wani. Ya yanke ya fara da wanda ya fi su faɗa.